Sunan Wa Za a Sa a Sama

Ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu kuna cewa, "Ammu Sabi'u, ai yanzu na'ura ce ke rubuta komai, me ya rage maka?" ku ja kujera ku zauna. Ba zan yi musu da ku ba. Na'urar tana rubutu, Larabcinta ya fi nawa santsi, Turancinta ma haka. Amma tunda kun ce kuna son ku koyi aikin nan, kun kuma ce 'yan kwanaki sun ishe ku, gara in faɗa muku yadda yake kafin ku je ku ɓata wa wani bawan Allah shekara guda.

Sana'ata rubuta takardar neman tallafin bincike, wadda a nan Jidda ake ce wa muƙtarah. Likita ne, ko malamin jami'a, ko injiniya, yake da wata tambaya da yake son ya bi diddiginta, ba shi da abin yin aikin, ga kuma wata gidauniya ko waƙafin wani attajiri sun yi sanarwar za su ɗauki nauyin bincike. Ni nake zama a tsakani. Ba ni nake binciken ba, ban taɓa riƙe allura ko kwalbar gwaji ba. Nawa shi ne in zauna da mai tambayar har abin da ke kansa ya sauko kan takarda, yadda baƙon da bai taɓa ganin fuskarsa ba zai karanta ya yarda ya ba shi amana.

A wurin Ammu Idris na koya, Allah ya jiƙansa (Ammu a nan kamar Baffa ne a gida). Bahaushen Sudan ne, marubucin ma'arud, wato takardar koke da ake kai wa hukuma. Teburinsa na ƙarfe ne mai naɗewa, yakan kafa shi a inuwar wani bango kusa da ofisoshi, da tsohuwar tafireta mai haruffan Larabci wadda sai an buga ta da ƙarfi take jin magana. Ni kuwa na zo daga Zariya da digiri a jaka da girman kai a ka, ina aikin ajiyar kaya a wani sito a unguwar da ake ce wa Madinar Masana'antu, in na tashi sai in zo in zauna kusa da shi. Ranar farko mutum yana cikin magana na fara rubutu, sai ya fizge biron daga hannuna.

"Kai ɗan Najeriya, me kake rubutawa? Mutumin nan ko gaisuwa bai gama ba."

Shi ya nuna mini cewa mutanenmu ba sa fara magana da abin da ya kawo su. Za su zagaya ta gida, su bi ta tsadar haya, su taɓo ciwon ƙafa, sai sun miƙe suna neman takalmi sannan su ce, "Af, dama akwai wata 'yar magana." Wannan 'yar maganar ita ce takardar, sauran duk rakiya ce. Na daɗe ina zaune kusa da shi ba abin da nake yi sai saurare da sayo shayi.

Wata rana wani malamin makarantar koyon jinya ya zo da takardu a hannu, ya ce shi ba koke ya kawo ba, tallafin bincike yake nema, ya ma riga ya rubuta, gyara kawai yake so. Ammu Idris ya miƙo mini ya ce in karanta a bayyane. Shafin farko yabon mai gidauniyar ne, da mahaifinsa, da kakansa. Na biyu labarin wahalar da malamin ya sha tun yana ƙarami. Sai can ƙarshe, kamar mai jin kunya, ya ɗan ambaci abin da yake son ya bincika. Ammu Idris ya cire tabarau ya goge.

"Ya ustaz, kukan nan ya yi kyau, ni ma saura kaɗan in taya ka. Amma wannan ba ma'arud ba ne. Mai koke cewa yake yi ku dube ni. Kai kuwa cewa za ka yi, ga abin da ba a sani ba, ga yadda zan gano shi, ga lokacin da zan dawo muku da amsa. Alkawari za ka ɗauka."

Ya juyo gare ni ya ce shi ya tsufa da koyon sabon salo, ni da na yi boko in riƙe wannan layin. Ta nan na shiga, kuma har yau yawancin takardun da ake kawo mini gyara da wannan ciwon suke zuwa.

Kayan aikina ba su da yawa. Jan biro, butar shayi, kujera mai taushi saboda baƙo zai daɗe, sai kwamfuta da ta zo daga baya ta kori tafireta. Amma babban kayan aikin shi ne sanarwar gidauniyar kanta, wadda ku ba kwa karantawa sai kanun. Nakan karanta ta in sake karantawa har in gane abin da suke so, in kuma gane abin da suke tsoro, don kowane mai ba da tallafi akwai inda aka taɓa ƙona shi. Wani an karɓi nasa an ɓace, wani an kawo masa rahoton da ba wanda ya amfana da shi. Bayan haka sai in ce wa mai aikin ya kife takardunsa ya faɗa mini tambayarsa da Hausa, kamar kakarsa yake wa bayani. Wani injiniya ya taɓa zuwa mini yana son ya magance gishirin ruwa da tsatsa da zafin Jidda gaba ɗaya a bincike guda. Na ce masa, "Injiniya, ka bar wa 'yan baya wani abu mana." Ya fita a fusace. Da ya huce ya dawo muka sauka a kan tsatsar tankunan ruwa na saman gidaje a unguwa ɗaya tak, kuma a kan wannan aka ba shi. Har yau in ya gan ni sai ya ce ni na yanka masa bincike.

Shekarar annoba ita ce muguwar shekarata. Gidauniyoyi suka juya baki ɗaya zuwa ga cutar, duk wanda ba a kanta yake bincike ba aka ce ya jira. Takardun da na gama suka kwanta a kwamfuta kamar tufafin Sallah da aka ɗinka ba a zo karɓa ba. Na rufe shago, da aka sassauta fita na koma sito ina manna takardu a jikin kwalaye, ni da furfurata. Wasu abokan sana'a suka riƙa cusa sunan cutar a kowace takarda ko da a kan ciwon haƙori ake magana, masu tantancewa kuwa ba yara ba ne, suka gane. Ni dai na jira, da aka buɗe gari na share ƙurar shagon nan na unguwar Nuzla na zauna.

To, aikin da nake son ku ji da kyau shi ne na Dokta Nusaiba, don shi zai nuna muku inda na'urarku ba ta kaiwa.

Da hantsi ta shigo, da abaya baƙa da jakar kwamfuta a kafaɗa. Haifaffiyar Jidda ce, iyayenta daga Nijar suka zo, fasfonta na can ne amma ba ta san ƙasar ba sai a bakin mahaifiyarta. Tana jin Hausa tsaf, amma in ta yi jimla biyu sai Larabci ya ƙwace. Tana koyarwa a wata kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta, kwalejin ce kafilinta, wato mai tsaya mata, ita ke riƙe da iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar. Kafin ta buɗe jaka ta faɗa mini halin da take ciki: shugaban sashensu ya gaya mata cewa duk malamin da bai kawo tallafin bincike da sunansa ba a wannan shekarar, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Ba kwantiragi, ba iƙama. Ba iƙama kuwa, sai jirgi zuwa ƙasar da ba ta san kowa a cikinta ba, ta bar uwa mara lafiya a unguwar Sa'alaba.

Na zuba mata shayi na ce ta kife takardun ta faɗa mini tambayarta.

"Ammu, ummina masa da ƙosai take yi na sayarwa tun kafin a haife ni," in ji ta. "A ɗaki ɗaya, ba taga, saboda kar maƙwabta su yi ƙorafin hayaƙi. Yanzu ba ta iya hawa bene, numfashi ya ƙi. Da ita da ƙawayenta duk tari ɗaya suke yi. Ya'ani, wato ina so in sani, hayaƙin ne? Kuma in an huda bango an sa ƙaramar fanka mai fitar da iska, zai ragu?"

Na ajiye kofina. Shekara da shekaru ina jiran mutum ya faɗi tambayarsa haka a numfashi ɗaya, ba yabo, ba kuka. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma faɗa mata hakan.

Aikin ya tafi lami lafiya. Ta san fanninta, ni na san yadda ake jera shi. Muka ware abin da aka riga aka sani a kan hayaƙin girki daga abin da ba wanda ya duba, wato matan da suke yi a rufaffen ɗaki a cikin birni. Muka rubuta yadda za ta shiga gidajen, da yadda za ta auna numfashi da wata 'yar na'ura da ake hurawa, da yadda za a ɓoye sunayen matan don ba dukansu ne ke son a san inda suke ba. Muka kauce wa watan azumi da lokacin aikin Hajji a jadawalin, don a lokacin rabin matan suna Makka suna neman abinci, sauran kuma ba su da lokacin baƙo. Duk jimlar da ta fara da "ana fatan" na bi ta da jan biro na mai da ita "zan". Ta yi ta dariya tana cewa ina sa ta rashin kunya.

Sai muka zo shafin farko, inda ake rubuta shugaban bincike. Ta karɓi kwamfutar ta buga da kanta: Dokta Abbakar Harun. Nata sunan ta sa a ƙasa, a layin mataimaka.

Na san Dokta Abbakar, wa bai san shi ba a kudancin Jidda? Bahaushen Sudan ne, likitan ƙirji, ya yi ritaya, ya tsufa har yana dogara sanda. A ƙaramin asibitinsa uwar Nusaiba take kai ta tun tana goye. Shi ya ga yarinyar tana da kai, ya tsaya mata har ta shiga makaranta, ya ba ta littattafansa, ya raka ta neman aiki. Baba Dokta take ce masa.

Na ce, "Dokta, shi zai yi aikin?"

"La, a'a, ni zan yi. Amma ai shi ne babba."

"Shi ya kawo tambayar?"

"Ni na kawo. Amma duk abin da na sani shi ya koya mini."

Na juya mata sanarwar gidauniyar na nuna mata da biro. Shugaban bincike shi zai tsaya gaban kwamiti ya kare takardar, shi zai sa hannu, shi ake so ya fi kowa zama a wurin aikin. Na ce mata kwamitin nan abu na farko da za su tambaya shi ne yadda dattijo namiji zai riƙa shiga ɗakunan girkin matan mutane. Na kuma tuna mata abin da ta faɗa mini da bakinta, cewa kwalejinta tallafin da ke da sunanta a sama kawai za ta ƙirga.

"Ai sunana yana ciki, Ammu. Wataƙila su duba."

"Ba za su duba ba, 'yata. Na san irinsu."

Ta sunkuyar da kai. "Wallahi ma agdar, ba zan iya ba. In rubuta sunana a sama, na Baba Dokta a ƙarƙashina? Da wane ido zan dube shi? Ummi ma sai ta tsine mini. Kuma na riga na gaya masa, ya yi murna. Halas, shi ke nan, Ammu, bar shi haka."

Ku ba za ku gane nauyin wannan ba sai kun tuna yadda aka rene mu. Mu da ba ma kiran sunan babba gatsau, ba ma shiga gabansa a hanya, ba ma sa hannu a kwano kafin ya sa. Ita a wurinta shafin nan kwano ne, ba ta ga yadda za ta riga shi sa hannu ba. Bature ko Balarabe da ya tsara takardar bai san da wannan ba, shi layi ne kawai ya ja don ya san wanda zai kama in aiki ya lalace. Na sha ganin takardu masu kyau sun faɗi a wannan layin, an sa sunan malami don girmamawa, malamin ya je gaban kwamiti yana kame-kame a kan aikin da ba nasa ba, ɗalibin yana zaune a baya da amsa a baki ba halin faɗa. Na lallashe ta, na tsorata ta, ta kafe. Na ga in na ƙara matsawa za ta ɗauki jakarta ta tafi, sai na ce ta bar mini takardar in ƙara dubawa.

Bayan la'asar na nufi Sa'alaba. Ban gaya mata ba, don da ta hana ni. Gidan Dokta Abbakar tsohon gini ne mai hawa ɗaya, na same shi a falo da farar jallabiya yana sauraron rediyo. Muka gaisa muka sake gaisawa, aka kawo gahawa da dabino. Na tambayi ƙafa, na tambayi 'ya'ya a Khartum da waɗanda suka watsu, na yi ta zagaye-zagaye, ni da nake koya wa mutane su tafi kai tsaye. Da na rasa ta inda zan ɓullo sai na ce na zo ne in karanta masa takardar ya ji ko akwai gyara.

Ya lumshe ido yana saurare. Ya tsayar da ni a wuri ɗaya ya gyara sunan wani gwaji, ya ce a ƙara tambayar ko akwai mai shan taba a gidan, kuma gyaran nasa daidai ne. Da na kai inda aka ce shugaban bincike zai shiga kowane ɗaki da kansa ya zauna da matan lokacin da suke suya, sai na rage murya, na ɗan dakata. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ya zol, bawan Allah, ba karatu ya kawo ka ba. Ka zo ne ka ce in sauka."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, ni ban isa ba. Amma akwai abin da ba ta gaya maka ba." Na faɗa masa maganar kwantiragi da iƙama, ban rage komai ba.

Ya yi ta juya kofin gahawa a hannu. Na zaci zai ce ai ba komai, a cire kawai, kamar yadda ake faɗa a labari. Ba haka ya ce ba.

"Tun da na bar aiki ba wanda ya sake rubuta sunana a kan komai sai katin asibiti," in ji shi. "Da yarinyar nan ta zo ta ce ni ne shugaba, na san ba daidai ba ne, amma na ji daɗi, ban tambaye ta komai ba. Har jallabiya na bayar a ɗinka mini saboda ranar kwamiti." Ya ɗan yi murmushin yaƙe. "Ka tafi, Sabi'u. Zan yi tunani."

Na yi masa sallama na fito. Na tausaya masa, na kuma ji tsoron na ɓata tsakaninsa da yarinyar a banza. Kwanaki suka yi ta tafiya, ranar rufe karɓar takardu tana matsowa, ba shi ba labarinsa. Nusaiba ta yi ta aiko saƙo tana tambaya ko na tura, ni kuma ina ce mata akwai sauran gyara. Ban taɓa shafin farko ba, don ba ni da ikon canja sunan da mai takarda ta sa da hannunta.

Ana gab da rufewa sai ga su tare da safe, shi a gaba yana dogara sanda, ita a baya tana riƙe masa jaka. Daga ganin fuskarta ba ta san abin da ya kawo su ba. Ya zauna a kujerar nan mai taushi, ya ƙi shayi, ya ce in buɗe shafin farko in juyo masa da kwamfutar. Ya ɗaure fuska tamau, irin ɗaurewar da na tabbata ɗalibansa sun sani.

"Nusaiba."

"Na'am, Baba."

"Tun kina ƙarama in na aike ki, kin taɓa ƙi?"

"A'a, Baba."

"To yau ma aike ne. Akwai aiki a ɗakunan matan nan, ni ƙafata ba za ta kai ni ba, kuma ko ta kai ni ba za a bar ni in shiga ba. Na aike ki ki je ki yi. Wanda aka aika kuwa shi ake rubutawa, don shi za a kama in ya yi wasa. Sabi'u, sa sunanta a sama."

Ta zabura. "Baba, la, wallahi aibi ne, ni ba zan..."

"Au, kin yi girman da ba zan aike ki ba ke nan? Don an fara ce miki Dokta?"

Ta koma ta zauna. Ni kuwa na sunkuyar da kai kan kwamfuta don kar su ga fuskata. Da cewa ya yi ya ba ta girman, ko ya bar mata, da sai mu wuni a nan tana mayar masa yana mayar mata. Amma aike ba a mayar wa babba da shi, ya kuma san haka sarai. Na goge, na buga Dokta Nusaiba a layin sama, na fara sauko da nasa layin mataimaka.

"A'a," in ji shi. "Cire shi gaba ɗaya."

Wannan kam har ni sai da na ɗago. Na ce ai akwai gurbin mai ba da shawara, sunansa zai ƙara wa takardar nauyi.

"Na san kwamiti, na zauna a irinsa. In sun ga sunana za su ce in shigo, in na shigo ni za su riƙa duba, ita kuma in ina ɗaki ba za ta buɗe baki ba. Na san 'yata. Shawara kuwa ta san hanyar gidana."

Nusaiba ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Shi ya miƙe da ƙyar yana cewa, "Yalla, maza a tura, kar a rufe muna nan muna kallon juna." Na tura a gabansu.

Sauran kwanakin kafin kwamiti a shagon nan muka yi su. Nakan zauna a matsayin mai tantancewa in yi ta jifanta da tambayoyi marasa daɗi: in matan suka ƙi buɗe miki ƙofa fa, in mai gida ya hana huda bango fa, me ya sa ke ba wani ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ta wuya, don duk lokacin da na yi ta sai ta fara da "malamina". Na ce mata malaminki ya aike ki, ba ya nan, amsa da bakinki. A hankali ta iya cewa a ɗakin aka haife ta, ta san warin man, matan kuma sun san uwarta.

Ba zan ja muku rai ba. An ba ta tallafin, kwaleji ta sabunta kwantiragi, iƙama ta fito. Yanzu haka in kun bi wasu lunguna a Sa'alaba za ku ga ƙananan fankoki a jikin bango suna fitar da ƙamshin ƙosai waje, ita kuma tana nan tana auna numfashi tana rubutawa, ba ta gama ba tukuna.

Ranar kwamitin kuwa na raka ta, don nakan raka wanda ya ji tsoro. Da muka sauka daga mota a ƙofar ginin gidauniyar sai muka tarar da Dokta Abbakar ya riga mu zuwa, yana tsaye a rana da sandarsa, cikin sabuwar jallabiya fara fat da rawani irin na Sudan. Nusaiba ta rusuna ta gaishe shi, ya ce mata ta wuce kar ta makara, ta shiga tana waiwaye. Mai gadin ƙofar ya dubi shigarsa da furfurarsa, ya miƙe tsaye da sauri ya buɗe masa ƙofa.

"Tafaddal, ya Dokta, bismilla. Kai ne shugaban binciken?"

Dokta Abbakar ya dubi ƙofar a buɗe, ya ɗan jima yana dubanta. Sannan ya gyara riƙon sandarsa.

"A'a, ɗana. Shugabar ta shiga. Ni rakiya na yi, a ina masu jira suke zama?"